Dokin Napoleon da amawalin sarki

Ɗan Adar:
Salamu alaikum mutanen gida, an wuni lahiya. Wata magana ce ta tsaya mini a rai tun jiya da dare. Ɗiyata na bitar darasin tarihi sai na leƙa littahin, na ga hoton nan na Napoleon bisa ingarma, doki ya ɗaga ƙafafun gaba sama, iska na kaɗa mayahinshi, shi ko ko a jikinshi, hannu guda ga linzami guda yana nuna kan tsauni. Ni hoton ga tun ina CM2, ajin ƙarshe na firamare, na san shi, har ina cewa a raina wanga namiji ne. Sai yarinya ta ce mini Baba ai mushenmu, malamin lakwal ɗinmu, ya ce ba bisa doki ya ƙetare tsaunin ba, bisa alhwadari ne, wani talaka na ja mishi. Wallahi abin ya taɓa ni, shekara talatin ina yawo da hoton da ba a yi ba cikin kaina. To ina tambaya, duk hotunan manyan ga da anka cika muna littattahai da su haka suke? Masu zanen maƙaryata ne ko mi?

Mushe mai ritaya:
Wa alaikumus salam ɗana. Mushen ɗiyarka ya yi gaskiya. A watan Mayu na 1800 ne Napoleon ya ƙetare tsaunukan Alpes ta mashigin Saint-Bernard za shi Italiya, kuma alhwadari ya hau, don hanyar duwatsu da ƙanƙara ba ta doki ba ce. Wanda ya yi zanen sunanshi Jacques-Louis David, ya gama na farko a 1801, sarkin Sipaniya ne ma ya sa a yi, daga baya anka yi har guda 5. Napoleon ko zama bai yi ba a dube shi a zana. In ka duba ƙasan hoton wajen duwatsu za ka ga an sassaƙa suna uku, Bonaparte da Hannibal da Charlemagne, wato ana gaya maka ga na ukun waɗanda sunka ƙetare tsaunin nan da runduna. Sai bayan ya mutu da daɗewa, wajen 1850, wani mai zane Paul Delaroche ya yi shi bisa alhwadarin, cikin sanyi, a gajiye.

Amma ni ban ce mishi ƙarya ba. Kirari ne anka yi da fenti. In maroƙi ya ce ma sarki toron giwa, ko hadarin ƙasa maganin mai kabido, wa ya taɓa zuwa ya ce a nuna mishi hauren?

Ɗan Adar:
Mushe Allah ya ƙara girma, amma nan ban yarda ba. Kirari kowa ya san kirari ne, kana jin kalangu ka san an shiga wasa mutum. Hoto fa? Mu da kanmu munka ce gani ya kori ji. Yaro ɗan shekara 11 an aza mishi abu cikin littahin lakwal kusa da kwanan wata da sunan gari, ta ina zai san wanga kirari ne wancan tarihi?

Mai zane na bakin tasha:
Yaya Ɗan Adar bari in sa baki tunda sana'ata ce anka taɓa, ko da yake ni allunan shago da bayan manyan motoci nike yi ba tablo na muze ba. Girma a hoto ginawa akai kamar ɗaki. Na ɗaya ka zana mutum daga ƙasa kamar kana durƙushe gabanshi, sai haɓarshi ta ɗaga ƙirji ya buɗe, mai kallo bai san an durƙusar da shi ba. Sannan duk wanda ke kusa da shi ka rage mishi tsawo, haske ka tara shi ga huskar maigida sauran ka bar su cikin inuwa, kuma kada ka kuskura ka zana shi yana dariya ko yana sauri, babba ba ya sauri. Dokin Napoleon ɗin nan ma ku duba da kyau, dokin ne ya haukace ido waje, mahayin huska a kwance kamar yana shan shayi, to saƙon kenan, ƙasa ta rikice amma ga wanda ya riƙe linzami.

Lokacin wani kampe wani babban mutum ya kawo mini hotonshi in yi mishi a bango, ya ce in cire tamoji, in faɗaɗa kafaɗa, in sa taron jama'a ƙanana ƙanana ƙasan hannunshi. Na yi. Aka biya ni rabi, rabin har yau. Abin da ya hi ciwo gare ni ba kuɗin ba, in na wuce bangon nan ina ganin tsohuwa ta tsaya tana kallo da ladabi, alhali ni na san kafaɗar nan tawa ce na ara mishi.

Mushe mai ritaya:
Abin da ka hwaɗi shi ne anka yi ma Louis na 14 sarkin Faransa a 1701, hoton da Hyacinthe Rigaud ya yi. Mutum ya haura shekara 60, huskar ta tsoho ce amma ƙafafun na saurayi mai rawa, ga takalmi mai jan dunduniya, ga alkyabbar da za ta rufe ɗaki, ga takobi a ƙugu, kambin sarauta ko an aje shi gefe bisa matashi kamar ba a damu da shi ba. Wato ni ne sarautar, ba hula ba. Augustus na Rum ya mutu yana da shekara 75 amma mutum-mutuminshi ba su taɓa tsufa ba. A Masar kuwa Ramses na 2 ya zauna sau huɗu a ƙofar Abu Simbel, kowane zama tsawon wajen mita 20, matanshi da ɗiyanshi ko guiwarshi ba su kai ba.

Almajirin zaure:
To madalla tunda Mushe ya kawo Fir'auna da kanshi. Jama'a ai wanga shi ne dalilin da ya sa malamai sunka tsananta kan mutum-mutumi. A cikin Suratu Nuhu an ambaci Waddu da Suwa'u da Yagusu da Ya'uƙu da Nasru, masu tafsiri sun ce mutanen kirki ne a farko, da sunka mutu anka yi siffofinsu don tunawa, zamani ya shuɗe anka koma bauta musu. Abin da ka ɗaga kai kake kallo kullum, wata rana zuciya za ta bi wuya. Kuma mulki ba ya bukatar huska. Halifa Abdulmalik ɗan Marwan da farko ya buga kuɗi da siffar halifa a tsaye riƙe da takobi, sannan a shekara ta 77 bayan hijira ya cire siffar gaba ɗaya ya bar rubutu zalla, kuma dinarin nan ya ci kasuwa daga Andalus har iyakar Hindu. Shehu Usmanu ɗan Hodiyo da anka haifa nan ƙasarmu a Maratta a 1754, wa ya san kamanninshi? Hoton da ke yawo a Facebook wai nashi ba shi ba ne, ba a ɗaukar hoto zamaninshi, ya rasu 1817. Tuta ya ba mutane da wasiƙa, sunka tahi sunka kafa garuruwa. To ina hoto ya shigo?

Ɗalibar jami'a:
Malam da girmanka, amma sarakunan Musulmi ma da yawa sun yi. Sultan Muhammad na 2 wanda ya ci Kustantiniyya a 1453 shi ya aika Venise aka turo mishi Gentile Bellini ya zana shi a 1480, hoton na nan a Landan. A Hindu akwai zanen sarki Jahangir zaune kan agogon rairayi da haske zagaye da kanshi, yana miƙa ma wani shehin sufaye littafi, sarkin Turkiyya da sarkin Ingila na ƙasa suna jiran layi. Kun gani, har ƙanƙan da kai ga malamai an mai da shi kayan sarauta, ana cewa dubi sarkin da ya fi sarakuna don ya fifita shehi a kansu. Kuma rubutun ma da Malam ya ce, tambarin sunan Sultan Sulaiman da ake yi ma ado da ruwan zinariya a saman takarda, aikin da yake yi a zuciyar mai karɓar wasiƙa ɗaya ne da na hoto.

Ni abin da ke damuna daban ne. Duk waɗanda kuka lissafo maza ne, kuma in mace ta hau mulki sai an ara mata kayan maza kafin a yarda. Hatshepsut ta mulki Masar wajen shekara 20, amma a sassaƙe sai ka gan ta da gemun fir'auna na ƙarya. Elizabeth ta 1 ta Ingila bayan an karya jiragen Sipaniya a 1588 aka zana ta da hannu a kan ƙwallon duniya, fuska fara fes ba alamar shekaru, alhali ta kai 55. Mu kuma ga Sarauniya Mangu ta Lugu da ta tsaya ma rundunar Faransa ta Voulet da Chanoine a 1899, ba mu da hotonta ko ɗaya na zamaninta, shi ya sa kowa ke zana tashi, yawanci budurwa doguwa da mashi ko baka kamar jarumar fim. Ba wanda ke zana ta dattijuwa a zaune mutane na kawo mata gaisuwa, kamar in ba ta riƙe makami ba ba ta isa ba.

Almajirin zaure:
Ƙanwata ban ce ba su yi ba, na ce ba shi ne tushe ba. Sarki ya yi abu ba ya mai da shi hujja. Amma maganar Sarauniya kin yi gaskiya, ban taɓa lura ba.

Hajiya ta Bilbis:
Ɗiyana ku yi haƙuri ni ba mai yawan rubutu ba ce amma yau kun taɓo inda ke mini ƙaiƙayi. Duk kuna ta zancen huska huska, mu ko sarautarmu da ɓoye huska take nuna kanta. Ina yarinya an kai ni Damagaram wajen gwaggona na ga hawan salla, wallahi tun kahin ka ga komi cikinka ya ɗauki rawa, tambari na bugawa kamar a ƙirjinka, kakaki na tsaga sama, sai dogarai da jajayen kaya, sai ƙura, sai dawaki da lihidi, sai can ka hango laima na juyawa ka san shi ne a ƙasanta. Da ya zo dab da mu mi na gani? Ido biyu kawai. Rawani ya ruhe sama amawali ya ruhe baki da hanci, alkyabba ta ruhe sauran. Ko zai gyara zama sai dogarai sun buɗe manyan riguna sun kare shi. Ba ya ɗaga murya, ya yi magana ƙasa ƙasa wani ya maimaita ma jama'a. Na koma gida ban iya cewa fari ne ko baƙi, tsoho ne ko yaro, amma har yau da nike da jikoki in na ji kakaki sai tsigar jikina ta tashi.

To Bature ya ce ku dube ni ku ji tsoro, namu ya ce ba ku isa ku gan ni ba. Ni dai a wajena na biyun ya hi nauyi.

Mai zane na bakin tasha:
Inna wanga magana taki ta shige ni. Shi ya sa in an ce in zana sarki na gargajiya aikin ya hi sauƙi kuma ya hi wuya, huska ba ta da aiki, duk ƙarhin na ga naɗin rawani da zaman doki da laima, in ka kuskure naɗin kaɗan sai ya koma ɗan kasuwa ya ci ado. Kuma ba mu kaɗai ba, sarakunan Dahomey ba a sassaƙa su da kamanninsu ba, Glele jikin mutum kan zaki, Behanzin kifin shak, suna cikin kaya 26 da Faransa ta maido ma Bénin a 2021. Kirarin ne anka sassaƙa ba mutumin ba, kamar dai yadda Mushe ya ce. A allunan tagulla na Bini kuma da Ingilishi sunka kwashe a 1897 Oba, wato sarkinsu, na tsakiya ƙato, bayi na gefe ƴan mitsi mitsi suna tallabe mishi hannuwa, irin dabarar da na ce ina yi a bango, ashe ta girmi kakana.

Mushe mai ritaya:
Ku ƙara da mahayin Bura. Bura wani wuri ne nan yammacin ƙasarmu wajen Tera, a 1983 Boubé Gado ya tono shi, mutum na yumɓu bisa doki, hannu cike da mundaye, an aza shi bisa kabari ɗaruruwan shekaru kahin Bature ya san hanyar nan. Ba mu san sunanshi ba amma da ka gan shi ka san ba talaka ba ne, doki da mundaye sun gama magana. Duk wanda ya je Yamai ya kai ɗiyanshi muze na Boubou Hama su ga kayan Bura.

Amma akwai wani gefe da ba mu taɓa ba, wato in wani ne ya zana ka ba kai ka sa ba. Mansa Musa da ya yi hajji a 1324, hotonshi da kowa ya sani daga taswirar da anka yi a tsibirin Majorque ne a 1375, shekaru bayan ya rasu, kuma mai zanen bai taɓa ganinshi ba. Ya aza mishi kambin sarakunan Turai da sanda irin tasu, ya ɗora mishi dunƙulen zinariya a hannu yana ɗagawa. Girmamawa ce, na yarda, amma mi take gaya ma ɗan kasuwar Turai da ke duba taswirar? Ga inda zinariya take.

Ɗan Ƙonni:
Ni dai nawa karatun a kasuwa ne. Kullum ina canjin naira da sefa, naira duk huskoki, Tafawa Ɓalewa a 5, Murtala a 20, Sardauna a 200, sefa ko ba huskar shugaba ko guda. Ban ga huskar ta hana naira hwaɗuwa ba. Kuma ku tuna Bokassa na Afirka ta Tsakiya, ran 4 ga Disamba 1977 ya naɗa ma kanshi kambi a Bangui yana kwaikwayon naɗin Napoleon na 1804, gadon sarauta siffar gaggafa, keken doki, alkyabba mai jan ƙasa, ko shekara 2 ba a cika ba anka tuntsurar da shi. Mobutu da hular damisa har daga cikin gajimare telebijin ke sauko da shi. Saddam ran 9 ga Afrilu 2003 duniya na kallo anka ja gunkinshi da igiya. Yaya Ɗan Adar kar ka damu kanka, hoto ba ya riƙe kowa.

Ɗalibar jami'a:
In ba ya riƙe kowa Yaya, don mi ake wahalar tumɓuke shi? A Cape Town ɗalibai sai da suka tada jami'a a 2015 kafin a ɗauke mutum-mutumin Cecil Rhodes, Baturen mulkin mallaka na Ingila. Nan Yamai a watan Oktoba na 2024 an cire siffar Monteil, sojan Faransa na zamanin mulkin mallaka, da ta daɗe a jikin dutse an sa ta Thomas Sankara. Ba wanda ke ɓata ƙarfinshi kan abin da ba ya aiki. Bokassan ma da ka kawo shaida ce a kanka, zanen naɗin Napoleon da David ya yi, mai faɗin kusan mita 10, wanda har uwar Napoleon aka zaunar a tsakiya alhali ba ta je bikin ba, irin hoton nan ne ya zauna a kan wani sojan Afirka shekara 170 bayan haka har ya kwashe dukiyar talakawa don ya shiga cikinshi.

Ɗan Adar:
Ƙanwata wanga shi ne tsorona tun farko kin hwaɗe shi hiye da ni. Ba Napoleon ya dame ni ba, abin da hoton ya koya mini ne, cewa shugaba shi ne wanda ke bisa, shi kaɗai, sojojin da ke jan igwa cikin ƙanƙara suna can baya ƴan ƙanana da ƙyar ka gan su. Talakan da ya ja alhwadarin an share shi sam. Ko nan hilin kokowa, tun da anka fara ta ƙasa a Tawa a 1975, wanda ya ci sai an ba shi takobi an naɗa shi an aza shi bisa doki sannan zuciyarmu ta kwanta cewa sarki ne, amma shi aƙalla mun ga kayen da idonmu kahin a naɗa shi. Daren ga zan nemo hoton alhwadarin in aza ma yarinya kusa da na dokin ta duba su biyun da kanta. Mushe ko kana da shi ka turo mini, rezo ya yi rauni wajenmu.

Mushe mai ritaya:
Zan turo bayan isha'i in wuta ta dawo. Ka ce mata ta duba wanda ke gaba a hoto na biyu.

Hajiya ta Bilbis:
Kun sa na tashi na buɗe akwatin marigayiya innata. Akwai hoton kakana a ciki, mai gari ne zamanin Nasara, an kira su bariki wata shekara anka jera su aka ɗauka. Yanzu gani riƙe da shi. Kumandan na zaune bisa kujera a tsakiya ya aza ƙafa kan ƙafa da hular kwano a guiwa, yaro ne ƙarami da ka gani, kakana da sauran dattawa na tsaye bayanshi, wasu na zaune ƙasa gaba. An maƙala mishi lambar girma a ƙirji. Kuma amawalinshi a sauke yake har ƙasan haɓa, bakinshi a waje, duk nasu haka. Innata ta ce mai ɗaukar hoton ne ya sa tafinta ya bi su ɗaya ɗaya a sauke don huska ta hito. Ta ce da anka aiko mishi da hoton ya duba sau guda ya miƙa ma kakata ya ce ta aje, bai taɓa rataya shi a zaure ba har ya rasu, kuma ba ya son a nuna ma baƙi.

Mai zane na bakin tasha:
Inna ko za ki ɗauka da waya ki sa muna nan mu gani?

Hajiya ta Bilbis:
A'a ɗana, ba na sa shi nan. In kana son gani ka zo gida gobe bayan la'asar, ka taho da ɗiyar Ɗan Adar in ubanta ya yarda.